Tsohuwar Akori-Kurar Baba: Gwangwan Ce Ko Dukiya?

Na san wata za ta ga kan maganar nan ta ce yau kuma me ya haɗa mu da zancen kanikawa, mu da ko canjin taya ba mu iya ba? Ki yi haƙuri 'yar uwa ki biyo ni a sannu, domin zancen mota ne a sama, amma a ƙarƙashinsa akwai kuɗin cefane, akwai rabon gado, akwai kuma zaman lafiyar wani gida da ya kusa girgiza a kan tsohon ƙarfe. Gidan kuwa namu ne.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ɗan kasuwar hatsi ne. A shekarar 1986, tun kafin a haife ni, ya sayi wata akori-kura ta hannu ƙirar Peugeot 404, wadda muka tashi muna kira Fijo, fara ce mai rufin tamfol a baya. Da ita yake zagaya kasuwannin Giwa da Maƙarfi da Ɗandume ya auno masara da dawa ya kawo Zariya. Da ita aka kai Inna asibiti daren da za ta haife ni, da ita aka kai jeren yayyena biyu, da ita kuma aka ɗauko kakarmu daga ƙauye a ciwonta na ƙarshe. Tun tana kwanar layinmu muke gane kukanta, sai ki ga kowa ya nutsu, mai wasan ƙasa ya karkaɗe jiki, mai karatu ya ƙara ɗaga murya don a san yana yi.

A 2011 injinta ya buga. Lokacin Baba ƙarfi ya fara ƙarewa, kasuwar ma ta ja baya, sai aka tura ta gindin darbejiyar ƙofar gida aka tokare ta da duwatsu, da nufin in an samu sarari a gyara. Sararin bai zo ba. Tayoyi suka sace, tamfol ya yage, kaji suka mayar da bayanta akurki, har ta zama alamar kwatance a unguwa, a ce maka gidan da ke da matacciyar Fijo a ƙofa. Shekara goma tana nan har Allah Ya karɓi abinSa a 2021.

Bayan Inna ta fita takaba sai ga wani ɗan gwangwan ya yi sallama. Ya zagaya motar sau biyu yana ƙwanƙwasa jikinta kamar mai zaɓen kankana, sannan ya yanke mata farashi bisa nauyin ƙarfenta, kuɗin da bai kai na buhun shinkafa huɗu ba. Ya ce in mun yarda gobe zai zo da masu walda su yayyanka ta a nan inda take, ko ja ba sai an yi ba. Dukkanmu muka ce Alhamdu lillahi an rabu da ƙaya, ban da babban yayanmu. Shi malamin sakandare ne, bai taɓa zaman gareji ba, amma ya ce motar nan ba za a sa mata wuta ba, shi zai tashe ta da hannunsa. Aka tambaye shi ko haya zai sa ta, ya ce a'a, so yake kawai ya ga ta koma yadda take.

Ni ce na fi kowa zaƙewa. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, amma wannan ai almubazzaranci ne. Mutum da iyali da 'yan makaranta ya ɗauki kuɗi ya zuba a ramin da ba ya cika?" Ya yi murmushi ya ce, "Malama, a ajiye fatawar tukuna, zo ki ga wani abu." Ya miƙo mini wayarsa. Wani dattijo ne Ba'amurke, gemu fari fat, shi da jikanyarsa 'yar kimanin shekara 12, sun duƙufa suna kankare tsatsa daga jikin wata akori-kura da ta girmi 'yancin kan Nijeriya. Ban ce komai ba a ranar, amma abin ya tsaya mini a rai, har na shiga bin diddiginsa.

Ashe wata duniya ce guda

A Amurka, tara tsofaffin akori-kura da gyara su abin sha'awa ne da mutane masu ɗimbin yawa suka ɗauka, kamar yadda a nan wani ke kiwon doki, wani tattabaru. Kuma akwai dalilin da ya sa abin ya yi ƙarfi a can. Ƙasa ce mai faɗin gonaki da nisan tafiya, tun farkon zuwan mota manomansu kan yanke bayan motarsu su kafa akwatin katako don ɗaukar kaya. Da kamfanin Ford ya ga haka, a 1925 ya fito da motarsa Model T da akwatin a jikinta tun daga masana'anta, a kan dala 281.

Wani abin da zai ba ki sha'awa uwargida, a tarihin irin wannan mota akwai hannun mace. A farkon shekarun 1930 matar wani manomi a jihar Victoria ta ƙasar Ostireliya ta rubuta wa kamfanin Ford na can wasiƙa, tana kukan cewa ba su da halin sayen mota biyu, a yi musu guda ɗaya da za su shiga da mutuncinsu zuwa wurin ibadarsu ran Lahadi, ran Litinin kuma su kai dabbobinsu kasuwa. Aka ba wani matashin mai zane, Lewis Bandt, aikin, a 1934 motar ta fito, gabanta na zaman mutane mai rufi da gilashi, bayanta na kaya. Kin ga lissafin matar gida ke nan, ko'ina take a duniya.

Motocin da masu wannan sha'awa suka fi farauta su ne waɗanda aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 Amurka ta dakatar da ƙera motocin farar hula, masana'antu suka koma yin kayan yaƙi, don haka da aka gama yaƙin jama'a na cikin ƙishirwar sabuwar mota. Chevrolet ya fito da sabon samfurinsa a 1947, Ford ya biyo baya da F-1 a 1948, wadda daga 1953 aka koma kira F-100. Motoci ne masu kumburarren goshi da zagayayyun fitilu, daɓen bayansu na katako. Sai kuma Chevrolet C10 ta tsakanin 1967 da 1972, wadda ita ma ake rububinta. Zuriyar F ɗin nan ta Ford ba ta yanke ba, daga 1977 har zuwa 2024 babu shekarar da wata akori-kura ta fi ta ciniki a Amurka. Ke nan da wuya ki sami Ba'amurken karkara da bai taɓa zama a gefen kakansa cikin irinta ba, kuma yawancin masu gyaran nan in an bi salsala wannan zaman suke nema. Hatta Sam Walton, wanda ya kafa kantunan Walmart, yana cikin manyan attajiran ƙasar amma tsohuwar Ford ɗinsa ta 1979 yake ja, bayan rasuwarsa aka ajiye ta a gidan tarihin kamfanin a garin Bentonville.

Dalili na biyu shi ne sauƙin gyara. Motar zamani kwamfuta ce ke sarrafa ta, in ta yi gardama sai an jona mata na'ura ta faɗi ciwonta. Tsohuwar kuwa in ka buɗe gabanta komai a fili yake, ga fulogi, ga kafireto, ga lagireto, mai haƙuri da 'yan sifanu zai iya koyonta a ƙofar gidansa. Akwai kamfanoni a can da ba su da wata sana'a sai ƙera sababbin kayan tsofaffin motocin nan, tun daga murfin fitila har ƙofa sukutum, mutum ya zaɓa a littafin talla a kawo masa har gida.

Su ma fa suna da saɓanin mazhaba a tsakaninsu, in kin ji musunsu sai ki yi dariya. Akwai masu tsauri, waɗanda ke cewa dole komai ya koma yadda ya fito daga masana'anta, launin fenti, yadin kujera, har irin kan kusoshi, wanda ya sa abin da ba na shekarar ba ya ɓata mota. Wasu kuma su ce jiki dai na da, amma ciki a sa sabon inji da birki mai kyau da na'urar sanyi, tunda hawa za a yi. Sai waɗanda suka fi ba ni mamaki, su ba sa yin fenti sam, koɗewar rana da tabon aiki su ne adon a wurinsu, sai dai su shafa mai sheƙi a kai don tsatsa ta tsaya inda take. Kafin mu ce ba su da aikin yi, mu tuna jeren kwalla da langa da tasoshin da iyayenmu ke yi a ɗaki tun daga ƙasa har rufi. Ba a ci a ciki, ba a ba da aro, sai dai a sauke a goge a mayar, kuma kowace uwa ta san wanda ta gada da wanda ta saya da kuɗin adashi.

Abin nasu da tsari yake. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Amurka, AACA, an kafa ta tun 1935, kuma a ƙa'idarta mota ba ta shiga sahun na tarihi sai ta cika shekara 25. Tun 1955 duk watan Oktoba suke cin wata babbar kasuwa a garin Hershey na jihar Pennsylvania, dubban rumfuna na tsofaffin kayan mota zalla, mutum ya yi tafiyar kwana biyu don neman marfin tanki ɗaya. A Ingila motar da ta haura shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya, a Faransa kuma wadda ta kai 30 tana iya samun takarda ta musamman a matsayin abin tarihi. Ana kuma yin gwanjo, irin wanda ake yi duk Janairu a Scottsdale ta jihar Arizona, inda akori-kurar da aka gyara da kyau kan tashi a dubban daloli masu yawa.

To amma a nan ne nake so ki buɗe kunne, domin da wannan gwanjon ake yaudarar mata. In maigida ya nuna miki wadda aka saya da tsada ya ce jari yake zubawa, ki sani su kansu masu abin suna faɗa wa junansu cewa akasari kuɗin da gyara ke ci ya fi abin da motar za ta yi in an tashi sayarwa, ba a ma sa lissafin wahalar mutum da lokacinsa ba. 'Yan kaɗan ne ke cin riba. Sauran suna yi ne don ransu na so, kuma na fi ganin girman wanda ya faɗi hakan ƙarara.

Namu na gida

Da na gama kallon na Amurka sai na waiwayo gindin darbejiyarmu, na ga ashe abin da suke tafiyar kwanaki suna nema mu kaji muka bar wa. Peugeot ta fito da 404 a Faransa a 1960, akori-kurarta ta biyo baya a 1967, sai 504 a 1968, wadda aka zaɓa gwarzuwar motar Turai ta 1969. Motocin nan sun karɓi Afirka, Afirka ta karɓe su. A nan Nijeriya kamfanin SCOA ya riƙa haɗa akori-kurar Peugeot a Legas, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna kuma ta fara aiki a 1975. Faransa ta daina yin ƙaramar 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. 'Yan uwanmu na Nijar su ma sun san ta sarai, a can da sauran ƙasashen da ke amfani da Faransanci sunanta bashe, wato mai tamfol.

Abin da ya sa ta jure hanyoyinmu ba boyayye ba ne. Tana da tsayi daga ƙasa, sifirin bayanta faifan ƙarfe ne da aka jera kan juna, ga inji ɗan madaidaici mai lita 1.6 wanda ba shi da fitina. Giyar 404 a jikin sitiyari take, shi ya sa mutum uku ke zama a gaba a sake. An ɗora mata abin da wanda ya ƙera ta bai taɓa mafarki ba, buhuna har sun fi rufinta tsayi, ga fasinja a sama, ga akuya a ɗaure, ta yi nishi ta tashi.

Yau ina suke? Kaɗan na nan suna jigilar itace da rake a ƙauyuka, mafi yawa kuwa an auna su a sikeli, an narka an yi rodin gini. Tare da su kuma wani ilimi ke tafiya. Tsofaffin kanikawan da ke jin kukan Fijo su gaya maka fulogi na nawa ne ba ya ci, suna ta ƙarewa, yaran da suka taso kuma motocin Beljiyam suka sani. Mu da muke da Fanteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, inda za a kalli ƙarfe a ƙera maka irinsa kana tsaye, ba gwanintar hannu muka rasa ba. Mun dai saba ganin tsohon abu a matsayin shaidar talauci. Mutum ya ɗaure doki shekara guda yana ci masa dawa da harawa don hawan kwana biyu da Sallah, a ce masa mai martaba gado. Wani ya ce zai tashi motar ubansa, a ce a kai shi a yi masa ruƙiyya. Alhali Hausawa sun riga sun gama magana, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Kafin a taɓa sifana

Duk da na sauko daga kan bakana, akwai inda ban sauko ba, kuma har gobe ina nan. Motar nan ba ta Yaya ba ce, ta magada ce. Inna na da tumuninta a ciki, mu bakwai kowa na da rabonsa, har da autarmu da ke shirin aure tana neman kowace kwabo. In aka bar mutum ɗaya ya yi ta zuba kuɗinsa a kayan da ba a raba ba, ranar da motar ta yi kyau ranar rigima za ta tashi, wannan ya ce motar Baba ce, wancan ya ce guminsa ne. Na ga gidajen da zumunci ya tsinke a kan abin da bai kai wannan ba. Saboda haka muka kira wani dillalin motoci da wani tsohon bakanike suka yi mata kuɗi a matsayin mota, wanda ya ɗara tayin ɗan gwangwan nesa ba kusa ba. Yaya ya sayi rabon kowa, aka rubuta, shaidu suka sa hannu, aka fara sallamar auta. Inna ta ce ta yafe nata, muka ce a'a ta karɓa tukuna, in ta ga dama ta ba shi kyauta daga baya. Haka kuwa aka yi.

Saura Anti, matar Yaya. Ita ta same ni har gida, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Malama, ki gaya wa yayanki gaskiya. In kishiya zai yi mini ya yi mini mai rai, wadda za mu raba girki. Wannan kullum kwananta ne." Na yi dariya, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Tsoronta a fili yake, albashin malamin makaranta ne, ga haya, ga yara biyar.

Abin da ya kashe wutar, zama aka yi su biyu, ni dai shaida ce. Albashi ba za a taɓa shi ba, na cefane ne da makaranta da asibiti. Fijo ba ta da abinci sai daga kuɗin darasin yamma da yake koyarwa, kuma ba za a ci bashi saboda ita ba ko na sisi. Duk abin da aka saya a rubuta a littafi, littafin kuma a hannun Anti. Lokacinta Asabar daga safe zuwa azahar. Da aka zo ƙarshe Anti ta ce tana da sharaɗi ɗaya, tunda gyaran tsofaffi ake yi, ga keken ɗinkin mahaifiyarta can a ƙarƙashin gado shekara takwas, da shi za a fara. Da shi ɗin aka fara, yanzu haka da shi take ɗinka wa yara kayan makaranta.

In maigidanki na da irin wannan ra'ayi, ko na mota ne ko na wani abu, a ganina abin dubawa shi ne ko yana ɓoye miki farashi. Ranar da ya fara cewa abu na dubu biyu ne alhali na dubu ashirin ne, to an bar sha'awa an shiga wani abu daban. Amma muddin lissafi a buɗe yake, haƙƙin gida kuma na fita, ni ban ga dalilin tayar da jijiyar wuya ba. Anti da bakinta ta ce mini da can Asabar a majalisa yake ƙare ta, yanzu kuwa tana leƙowa ta gan shi a ƙofar gida, yaransa uku maza na miƙa masa sifana, har da ta huɗun mace da ta fi su rawar kai.

Aikin kansa ya koya masa hankali. Kuskurensa na farko fenti ya fara saya, don ɗokin ya gan ta tana ƙyalli, sai tsohon bakanikan nan, wanda yaran ke kira Baba Mai Fijo, ya ce masa ba a yi wa mara lafiya kwalliya. Aka fara da leƙa ƙarƙashinta a ga ko tsatsa ta cinye ƙashin bayan motar, don in ya ruɓe duk sauran aikin banza ne. Allah Ya taimaka busasshiyar iskarmu ta arewa ba ta cin ƙarfe kamar ta bakin teku. Sannan takardu, a tabbatar lambar inji da ta jikin mota sun dace da abin da ke rubuce. Wannan ya fi zama dole ga mai sayen ta wani, kada ya gama wahala a ce ta sata ce. Daga nan aka sauke tanki aka wanke, don man da ya shekara goma ya zama kamar ƙaro. Aka sauke inji aka canja ringi da fistin. Ɓeraye sun cinye wayoyin wuta, sai da mai rewaya ya sake su kaf. Sau ɗaya wani mai kayan gyara ya sayar masa da kafireto a kan sabo ne, ashe tsoho ne aka wanke, kuɗin darasin wata biyu suka tafi. Duk kusar da aka kwance a gwangwanin madara ake sa ta, yara su rubuta daga inda ta fito. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin fetur ya ninka kusan sau uku, komai ya bi shi, Anti ta rufe littafi, aikin ya tsaya cak wata bakwai. Yaya bai yi musu ba.

Nan kuma iyaye mata, ko babu mai gyaran mota a gidanku, matacciyar mota a unguwa abin sa ido ce. Yara kan shiga wasan ɓuya ƙofa ta rufe da su, zafin cikin mota a rana kuwa yana kisa cikin ɗan lokaci. A kulle ta ko a cire mata hannun ƙofa gaba ɗaya. Macizai da kunamu na son ƙarƙashinta, tsohuwar taya kuma in ta tara ruwan sama gidan sauro ce. In ana aiki, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare da ƙarfe ko kututture mai ƙwari. Kada a tayar da inji a rufaffen wuri, hayaƙinsa na kashewa ba tare da mutum ya ankara ba. Ƙurar tsohon birki na iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu, ba a hure ta da baki, jiƙa ta ake yi a goge. Tsohon fenti da batir kuma suna da dalma, wadda muka ga irin ɓarnar da ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Don haka ranar kankare fenti Anti ba ta barin ƙananan su fito, kayan aikin Yaya kuma daban take wanke su. Sannan ko an gama gyara, a tuna motar da ba ta da jakar iska ce, bayanta kuma na buhuna ne, ba na 'ya'yan mutane ba.

Ranar da aka ciro kujerar gaba don a kai wa mai ɗinki, sai ga wani ɗan akwatin ƙarfe a ƙarƙashinta. A ciki akwai carbin Baba, da 'yan sulallan da aka daina karɓa, da wani littafi da ya rubuta da ajami, lissafin bashi ne. Kusan duka ya ja musu layi, alamar an biya. Guda ɗaya ne babu layi, buhu uku na masara da ya karɓa a hannun wani manomi a wani ƙauye kusa da Giwa, 'yan makonni kafin injin ya buga. Babu wanda ya san da shi a cikinmu, har Inna. Jikina ya yi sanyi, don na tuna ni ce na fi kowa matsawa a kira masu walda. Yaya ya yi cigiya har ya gano manomin ya rasu, amma 'ya'yansa na nan. Mu bakwai da Inna muka haɗa kuɗin buhu ukun, kowa gwargwadon abin da ya gada.

Wata Asabar bayan Babbar Sallar 2024 aka zuba mata mai, Baba Mai Fijo ya ce Bismillah, Yaya ya murɗa makulli. Ta yi tari sau uku, ta yi shiru, a na huɗu ta kama. Duk tsawon aikin nan Inna ba ta taɓa fitowa ta duba ba, ko zancen ba ta sa baki. Sai ga ta a bakin zaure da mayafi a karkace, ta tsaya tana saurare. Kin san ba ta kama sunan ɗan fari, sai ta dube ni ta ce, "Ki ce wa yayanku ya sassauta mata ƙafa. Malam ba ya taka ta haka da safe, sai ta yi ɗumi." Ta juya ta koma ciki da sauri.

Sai da aka ƙara wata biyu ana gyaran birki da sabunta takardu kafin ta hau titi. Tafiyarta ta farko Giwa aka nufa, buhu uku a baya, Yaya na tuƙi, Inna a gefensa, ni a tsakiya. Babban ɗan manomin ya daɗe yana kallon rubutun Baba, ya ce shi bai san da wannan bashi ba, amma motar ya gane ta tun daga nesa, don yana yaro ya sha bin ta da gudu.

Fenti dai har yau ba a yi ba, gwangwanayen na nan a ɗakin ajiya. Anti ta ce sai an biya kuɗin jarrabawar babban ɗansu tukuna.